KULAWA DA JUNA: HAƘƘI NE DA KE WUYAN KOWANE MUSULMI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam da rauni, sa'an nan Ya sanya tausayi a cikin zukatan bayinSa domin sashensu ya riƙi sashe. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin Galmi, ko asibitin Birnin Ƙonni, ko na Illela, ya san yadda al'adar jinya take a ƙasarmu. Likita yana duba mara lafiya, ya rubuta magani, ya wuce wurin na gaba. Amma mai dama masa kunu, mai wanke masa tufafi, mai kama shi zuwa bayan gida, mai kwana a tabarma yana sauraren numfashinsa, wannan daga gida yake zuwa. Saboda haka za ka ga kusa da kowane gado akwai uwa, ko mata, ko ƙane, da 'yar tukunyarsu da butarsu. Wani lokaci kuwa sai idonka ya faɗa kan gadon da babu kowa a gefensa. Darasinmu na wannan fitowa amsa ce ga tambayar da irin wannan gado yake yi mana: wannan bawan Allah na wane ne, kuma wa za a tambaya game da shi ranar gobe?

MA'ANAR KULAWA

A harshenmu idan aka ce wane ya kula da abu, ana nufin abu biyu: ya lura da shi har ya gane halin da yake ciki, kuma ya ɗauki nauyinsa. Waɗannan ma'anoni biyu tare suke tafiya, kuma ta farko ita ce ƙofar ta biyu. Mutum ba ya iya share hawayen da bai gani ba. Da yawa daga cikinmu ba marowata ba ne; idan aka roƙe su suna bayarwa. Inda muka gaza shi ne lura. Maƙwabci yakan kwana uku ba a ga hayaƙi ya tashi daga gidansa ba, tsoho yakan ɓace daga sahun Asuba mako guda, babu wanda ya ce ina wane.

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, aya ta 273, ya ja hankalinmu ga wasu mabuƙata waɗanda kamun kai ya hana su roƙo, har wanda bai san su ba yakan ɗauka mawadata ne, kuma ya nuna cewa da alamominsu ake gane su. A nan akwai hukunci babba ga mai tunani: idan da alama ake gane su, to wajibi ne a samu mai duba alamar. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda yake jira sai an buga masa ƙofa kafin ya taimaka, haƙiƙa zai bar mafi cancantar mutane a baya, domin mafi cancanta su ne waɗanda kunya ba za ta bar su su buga ƙofar ba.

ME YA SA KULAWA TA ZAMA HAƘƘI?

Dalili na farko yana cikin halittarmu. Suratur Rum, aya ta 54, ta tunatar da mu cewa rayuwar ɗan Adam da rauni take farawa, ƙarfi ya biyo baya, sa'an nan rauni da furfura su dawo. Babu ɗayanmu da ya shayar da kansa yana jariri, babu kuma wanda zai wanke gawarsa da hannunsa. Ƙarfin da muke taƙama da shi 'yan shekaru ne a tsakanin rauni biyu. Duk namijin da yake sahu a yau an goya shi, an yi masa wanka, an kwana a zaune saboda zazzaɓinsa, alhali bai biya ko dala ba. Don haka idan ya kula da wani, bashi yake biya wanda aka daɗe da ba shi.

Dalili na biyu shi ne dukiya da lafiya da lokaci amana ce a hannunmu. Suratul Hadid, aya ta 7, ta siffanta mai dukiya a matsayin wakili a kan abin da ke hannunsa, kuma Suratuz Zariyat ta tabbatar da cewa mai roƙo da wanda ya rasa suna da rabo a cikin dukiyar masu taƙawa. Wakili ba ya yi wa mai kaya gori idan ya miƙa masa kayansa.

Dalili na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne Allah Ya jingina al'amarin raunana ga Kansa. Imam Muslim ya ruwaito hadisi ƙudusi wanda ma'anarsa ke nuna cewa ranar alƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan rashin gaida mara lafiya, da rashin ciyar da mai yunwa, da rashin shayar da mai ƙishi, kuma zai sanar da shi cewa da ya je wurin mara lafiyan nan da ya sami Ubangijinsa a wurinsa. Suratul Ma'un kuma ta lissafa tunkuɗe maraya da ƙin kwaɗaitar da mutane ga ciyar da miskini a cikin alamomin mai ƙaryata ranar sakamako, sa'an nan ta haɗa wannan da gargaɗi ga masu sakaci da salla. Mu jama'ar masallaci ya kamata wannan sura ta fi tsoratarwa, domin da masu salla take magana.

HUKUNCIN WANDA YA GANI YA WUCE

Mutane da yawa suna zaton zunubi sai abin da hannu ya aikata. Suna cewa: "Ni ban cuci kowa ba, ban ɗauki na kowa ba." Malamanmu na Malikiyya ba su tsaya nan ba. A cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil, littafin da manyan ɗalibai ke karantawa a zaurukan ƙasar nan, an tabbatar da cewa wanda yake da ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka, ya ƙi, to yana ɗaukar alhakin abin da ya salwanta. An kawo misalin wanda yake da rarar abinci ko abin sha ya hana wanda ya matsu, da wanda yake da zaren da za a ɗinke raunin ciki da shi ya ƙi bayarwa. Masu sharhi sun bayyana cewa idan matsattsen ya mutu, maganar diyya tana tasowa. An kuma yi wa mai kayan adalci: idan matsattsen yana da kuɗi a hannu zai biya, idan ba shi da su ba a hana shi saboda rashinsu.

Mu dubi wannan zare da kyau, ya 'yan'uwa. Abu ne ƙarami wanda bai kai kuɗin goro ba, amma a wannan sa'a rai ya rataya a kansa. Mene ne zaren zamaninmu? Babur ne ko mota da ke ajiye a ƙofar gida alhali matar maƙwabci tana naƙuda mai wuya a tsakar dare, asibiti kuma yana da nisa. Jini ne da ke jikin saurayi lafiyayye alhali zazzaɓin cizon sauro ya ƙarar da jinin yaro a watan Satumba. Buhunan gero ne da ke rumbu a tsakiyar damina alhali gidan da ke jingine da katangarka rabon su da tuwo kwana biyu ke nan.

Irin wannan aiki malamai suna kiransa farilla ta kifaya, watau wajibin da idan wasu suka yi ya sauka daga kan sauran. Sai dai mun riƙe rabin ma'anar mun saki rabi. Ɗaya rabin shi ne: idan babu wanda ya yi, duk wanda ya sani kuma yake da iko ya yi laifi. Kuma idan ya kasance kai kaɗai ne ka sani, ko kai kaɗai ke da abin da ake buƙata, to wajibin ya koma kanka kai tsaye. Shaiɗan yakan shiga ta wannan ƙofa, ya sa kowa ya ce ai wani zai yi, har a wayi gari ana sallar gawa.

WA YA FI CANCANTA A FARA DA SHI?

Musulunci bai bar tausayi ba tsari ba. Suratun Nisa'i, aya ta 36, ta jero masu haƙƙi bayan haƙƙin Allah: iyaye, dangi, marayu, miskinai, maƙwabci na kusa da na nesa, abokin zama, matafiyi, da wanda ke ƙarƙashin hannunka. Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci mai ciyarwa ya fara da waɗanda nauyinsu ke kansa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya fayyace waɗanda ciyar da su ya zama dole a kan namiji: matarsa, da iyayensa idan matalauta ne, da 'ya'yansa ƙanana. Wanda ya yi suna da kyauta a majalisa alhali mahaifiyarsa tana jiran abin da maƙwabta za su aiko, ya gina soro ne ba tushe.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a shekarar 1754, ya yi wannan faɗa da malaman zamaninsa. A cikin littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma ya danganta hakan da neman suna. Abin da ya faɗa game da ilimi haka yake game da abinci da magani da lokaci. Mai kula da na nesa ya bar na gida, ya binciki niyyarsa.

A nan akwai magana ta musamman ga ƙasar Adar. Kowa ya sani da zarar an kammala kaka samarinmu da magidanta suna tafiya bida, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya. Neman halal ibada ce, kuma kuɗin da suke aikowa sun riƙe gidaje masu yawa. Amma nisa ba ya sauke nauyi. Wanda zai tafi ya bar abin da zai ishi iyalinsa gwargwadon iko, ya wakilta amintacce a kansu, kuma kada ya yanke labari, tun da yanzu waya tana hannun kowa. Mu kuma da muka saura a gari, waɗannan gidaje amana ce a wurinmu. Haka nan uban da ya tura ɗansa karatun allo wani gari, ciyar da yaron da tufatar da shi da maganinsa suna nan a wuyansa. Tura shi wurin malam bai mayar da wajibin kan mutanen garin ba, ko da yake su ma ba su da uzurin barin yaro da yunwa.

Game da maƙwabta, Nana A'isha (R.A.) ta tambayi Manzon Allah (S.A.W.) wanne za ta fara ba kyauta cikin maƙwabtanta biyu, ya nuna mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. Ya kuma yi wa Abu Zarri (R.A.) wasiyya idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa domin maƙwabta su samu. A lura, bai ce masa ya jira sai ya yi arziki ba. Ruwa kawai ya ce ya ƙara.

ABIN DA TARIHINMU YA KOYA MANA

Kakanninmu sun ga yunwar 1913 zuwa 1914 wadda aka sani da Kakalaba a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974 wanda ya ƙarar da dabbobi. Da yawa daga cikin masu karanta wannan darasi sun ga yunwar 1984 zuwa 1985, wadda mutane suka raɗa wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Afrilu na 1984, ba a buɗe ba sai a 1986. A shekarar 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, kimanin mutum miliyan uku suka shiga matsalar abinci a Nijar, jihar Tawa na cikin inda abin ya yi tsanani, kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a wannan shekara. Kwanan baya kuma, daga ƙarshen watan Yuli na 2023 zuwa Maris na 2024, iyakar da ke tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya ta kasance a rufe, ciniki ya tsaya, masu ɗan abin yi a bakin iyaka suka rasa na sawa a baki.

Abin lura a 2005 shi ne hatsi bai ƙare a kasuwanni ba. Tsadarsa ce ta fi ƙarfin talaka, ga dabbobin da zai sayar ya saya sun faɗi warwas. Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Indiya, Amartya Sen, ya yi bincike a kan yunwar Bengal ta 1943 da ta yankin Sahel, ya nuna cewa sau da yawa mutane suna mutuwa da yunwa alhali abinci yana nan, sai dai hannunsu ya kasa kaiwa gare shi. Wannan shi ne abin da shari'a ta riga ta toshe da ta haramta ɓoye abinci domin jiran tsada a lokacin da jama'a ke cikin matsi. Fari daga Allah yake, amma ɗaure bakin buhu aikin ɗan Adam ne.

Mu kwatanta da magabata. A shekara ta 18 bayan hijira fari ya auka wa Madina da kewayenta, shekarar da ake kira ta toka. Sayyidina Umar (R.A.) ya haramta wa kansa man shanu da nama har launin jikinsa ya sauya, ya rubuta wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya aiko da abinci, aka kafa tukwane ana ciyar da waɗanda suka kwararo daga ƙauyuka. Tun kafin wannan, Manzon Allah (S.A.W.) ya yabi ƙabilar Ash'ariyyawa saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa wuri ɗaya su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Al'adarmu ta gayya, da ciyayya, da aron iri ga wanda nasa ya ƙare, duk 'ya'yan wannan ɗabi'a ce. Kuma ba ta mutu ba: a ƙarshen 2021, lokacin da dubban mutane suka gudo daga jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, ƙauyukan Bangi da ke yankin Madawa, maƙwabtanmu, su suka fara karɓarsu. Talakawa ne suka buɗe wa talakawa ƙofa.

LADUBBAN KULAWA

Na farko, tsare mutunci. Suratul Baƙara, aya ta 263 da 264, ta sanar da mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma kyakkyawar magana ta fi sadakar da cutarwa ke bin bayanta. Mutum yakan jure yunwa, amma da wuya ya manta ranar da aka tozarta shi. Wanda ya kai wa gwauruwa tiya biyar ta gero da dare ba wanda ya gani, ya fi wanda ya tara jama'a aka ɗauki hoto ana miƙa mata buhu. Wannan al'ada ta ɗaukar hoton mabuƙata a watsa a waya, lalle a ji tsoron Allah a kanta.

Na biyu, a tambayi mai buƙata abin da yake buƙata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani tsoho ba abinci ya rasa ba, abokin hira ya rasa. Wata mata ba sadaka take so ba, jarin da za ta soya ƙosai take nema. Mafificin taimako shi ne wanda zai sa mutum ya tsaya da ƙafarsa.

Na uku, dawwama. Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ranar da aka yi rasuwa gida yakan cika maƙil, bayan sadakar arba'in kuwa sai marayu su ga ƙafa ta ɗauke, alhali a lokacin ne buƙatarsu take farawa. Zumunta a ƙafa take.

Na huɗu, ladabin gaida mara lafiya: a taƙaita zama, a yi masa addu'a, a ƙarfafa masa zuciya, kada a ba shi labarin waɗanda irin ciwonsa ya kashe, kada a fallasa abin da aka gani na al'aurarsa ko sirrin cutarsa, kuma kada a hana shi maganin likita da sunan wani haɗi da ba a san asalinsa ba.

Na biyar, kulawa da mai jinya. Wannan shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma galibi mace ce: uwa, ko mata, ko 'ya, wadda ta bar gonarta da sana'arta da barcinta watanni saboda tsohon da ya shanye ko yaron da ba ya tashi. Salmanul Farisi ya tunatar da Abud Darda'i (R.A.) cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya gaskata shi. Mai jinya ma tana da wannan haƙƙi. 'Yan'uwan da suka bar wa mutum ɗaya jinyar mahaifinsu, suna zuwa gaisuwa ranar Juma'a kawai, su sani ba su sauke nasu rabon ba. A karɓe ta kwana ɗaya ta huta, a nome mata gonarta, a ɗebo mata ruwa. Kuma jinya ba aikin mata kaɗai ba ne. Namijin da ya wanke mahaifinsa da hannunsa bai rage komai daga girmansa ba.

WASU UZURORI DA AMSARSU

Wani zai ce: "Ni ma talaka ne." Amsa ita ce Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, amma kulawa ba ta tsaya ga kuɗi ba. Rakiya zuwa asibiti, da riƙe wa mata 'ya'ya ta je awo, da gyara wa tsohuwa dangar da iska ta kayar, da sanar da mai hali halin da wani yake ciki, duk talaka yana iyawa.

Wani zai ce: "Na fitar da zakka." Madalla, amma zakka ita ce mafi ƙarancin abin da ke kanka. Ushirin geron damina, ko rabin ushirin abin da aka shayar da wahala da kuɗi kamar na fadamun Ƙonni, haƙƙi ne mai iyaka. Ceton wanda ya matsu kuwa ba shi da nisabi, ba ya jiran shekara. Manomin albasa na Galmi ko Tsarnawa, wanda a mazhabarmu babu zakka a kan albasar kanta sai a kan kuɗinta idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo, kada ya ɗauka wannan sauƙi ya rufe ƙofar haƙƙin ɗan ƙwadagon da ya yi masa dashe da na maƙwabcin da bai noma komai ba.

Wani zai ce: "Wannan aikin gwamnati ne da ƙungiyoyi." Gaskiya ne shugabanni abin tambaya ne a kan talakawansu, kuma a 2006 hukuma ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin asibiti. Amma doka ba ta ɗaukar yaro daga ɗaki ta kai shi likita. Sai an sami wanda ya lura, ya ce a tashi a tafi. Asibitin Galmi kuwa, Kiristoci 'yan mishan ne suka buɗe shi a 1950, suka baro ƙasashensu domin jinyar mutanen da ba danginsu ba. Idan baƙo ya ƙetaro teku saboda mara lafiyarmu, wane uzuri ne gare mu idan muka kasa ƙetare titi?

Wani zai ce: "Idan ba Musulmi ba ne fa?" Manzon Allah (S.A.W.) ya je gaida yaron Bayahude da ke masa hidima lokacin da ya kwanta ciwo. Sayyidina Umar ya ga tsoho daga ma'abota littafi yana bara, ya sa aka yanka masa abin ci daga baitulmali. An gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare, an azabtar da mace saboda ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa. Idan dabba tana da wannan haƙƙi, ina ga ɗan Adam?

AIKIN DA KE GABAN KOWANE MASALLACI

Bayan yaƙin Handaƙ, a shekara ta 5 bayan hijira, lokacin da aka ji wa Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) rauni, Manzon Allah (S.A.W.) ya sa aka ajiye shi a hemar Rufaida, matar da ke jinyar masu rauni, a cikin masallacinsa, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Masallacin farko ya san marasa lafiyarsa. Domin namu su bi wannan sawu, muna ba da shawarwari kamar haka:

1. Liman da dattawa uku ko huɗu su san gidajen unguwarsu ɗaya bayan ɗaya: ina marayu, ina gwauraye, ina tsofaffin da ba su da mai duba su, ina gidajen da mazansu suka tafi bida. A sa mata masu hankali da riƙon sirri cikin wannan aiki, domin su ke shiga inda maza ba sa shiga.

2. A kafa rumbun masallaci da kaka, lokacin da hatsi ke da araha, kowa ya kawo dami ko tiya gwargwadon ikonsa, a buɗe shi a tsakiyar damina. Mutum biyu su riƙe mabuɗi, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a lissafi ba tare da ambaton sunan wanda aka ba ba.

3. A san masu babur da mota da suka yarda a tashe su da dare, a kuma tanadi kuɗin mai domin kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya.

4. Matasa masu lafiya su je a auna jininsu, su kasance a shirye idan aka nema, musamman daga Agusta zuwa Oktoba lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara.

5. Duk wanda aka rasa a sahu kwana biyu, a tura mutum ya dubo shi. Duk wanda zai je asibiti gaida nasa, ya tambayi ma'aikata ko akwai wanda ba shi da kowa, ya tsaya a gefen gadonsa ko da na ɗan lokaci ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗannan abubuwa ba su buƙatar taimako daga waje, ba su buƙatar ofis. Niyya suke buƙata da mutanen da za su ce mu ne.

Ya 'yan'uwa, wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma kafin Juma'a mai zuwa kowannenmu ya taka zuwa gida ɗaya da ya daɗe bai leƙa ba, ya yi sallama, ya zauna, ya duba da idonsa.

Muna roƙon Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya jiƙan magabatanmu, Ya dawo da matafiyanmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, kuma kada Ya kama mu da haƙƙin wanda muka gani muka wuce. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah Ya gafarta mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.